Jirgin ruwa na hannu: katako, faiba ko ƙarfe, wanne ya kamata ɗan Zariya ya saya?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Maganar sayen kwale-kwale na hannu, wato wanda wani ya riga yayi amfani dashi, ta yi yawa a tsakaninmu yanzu, musamman masu su a dam ɗin Shika da masu fito a Galma lokacin damina da masu ɗebo yashi, har da wasu manoman rani da gonarsu take hayin ruwa. Sabo yayi tsada kowa ya sani, inji kaɗai ya isa ya cinye jarin mutum, shi yasa ido ya koma kan na hannu. Toh matsalar itace mu Zazzagawa ba mutanen babban ruwa bane irin na Yawuri ko Lakwaja da yaro ke tasowa a bakin jirgi, mu a mota da mashin muka ƙware, shi yasa in aka nuna mana jirgi ya sha sabon fenti sai hankalinmu ya tafi kan fentin da ƙarar inji, alhali abin da yake riƙe da ranka da na fasinja a kan ruwa gangar jikin jirgin ce. Inji in ya mutu a tsakiyar ruwa zaka tuƙo da hannu ka fito gaɓa ko da ka galabaita. Jiki in ya buɗe babu wannan damar.

Kuma ba tsoratarwa nake ba. A watan Mayun 2021 wani jirgin katako da ya taso daga jihar Neja zai je Warra a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi ya dare a tsakiyar kogi da mutane sama da 150 a ciki, kaɗan ne suka tsira, kuma abin da jami'ai suka faɗa a lokacin shine jirgin ya tsufa ga kuma lodi ya wuce kima. A Nuwambar shekarar kuma aka yi na Bagwai a dam ɗin Watari nan kusa damu a Kano, yawancin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne, Allah ya ji ƙansu baki ɗaya. Ruwan dam ne fa, irin namu, ba teku ba.

Ni a ganina tambayar da mutane suke yi ta wanne yafi ƙarfi tsakanin katako da faiba (wato jirgin da ake yi da zaren gilashi) da ƙarfe tambayar mai sayen sabo ce. Mai sayen na hannu tambaya biyu gareshi. Wanne ne zan iya gano lahaninsa da idona da hannuna kafin in biya kuɗi? In kuma na gano, akwai mai gyara min shi a nan Zariya ko sai na sake ɗora shi a mota? A kan waɗannan biyun zan auna su duka.

Kafin komai akwai sharaɗi ɗaya da ya shafi kowane iri, kada ka yarda ka yi ciniki jirgi yana cikin ruwa kawai, kuma kada ka yarda yana tudu kawai. Sai an fito dashi an kife shi ka ga ƙasansa da rana tsaka, sannan a mayar dashi ruwa ka ga yadda yake zama. Mai jirgin da yace maka ai Alhaji fito dashi wahala ne babu yaran da zasu ja, kace masa Baba ni zan biya yaran. In ya ci gaba da kawo uzuri toh ka samu amsarka. Kayan da zaka tafi dasu ba wasu masu tsada bane, sukundireba mai tsini, ƙaramar guduma, tocila, igiya doguwa, alli, tsumma busasshe, da mayen ƙarfe irin wanda ake cirewa a tsohuwar sifika.

Bari in fara da na katako tunda shi yafi yawa a wajenmu kuma shi yafi sauƙin kuɗi. Iri biyu ne, akwai na sassaƙa wanda aka rarake gungumen itace guda, akwai kuma na allo wanda kafinta ya harhaɗa katakai a kan haƙarƙari ya buga ƙusa ya toshe tsakani da auduga ko tsumma da kwalta. Abu na farko ka tambaya da wane itace aka yi shi. Maɗaci da kawo da loko suna jure ruwa sosai, rimi kuwa da sauran fararen itatuwa masu laushi basu da nauyi kuma suna da daɗin sassaƙa amma basa daɗewa, in an ce maka jirgin rimi ne kuma ya kwana biyu yana aiki toh ka san mafi yawan kwanansa ya wuce. Kada ka tsaya kan abin da aka faɗa maka, ka kankare fenti kaɗan a wani lungu ka ga launin itacen, maɗaci ja ne, farin katako kuwa ba ya ɓoyuwa.

Babban ciwon katako ruɓewa ne, kuma abin da mutane da yawa basu sani ba shine ba wurin da yake nutse cikin ruwa kullum ne yafi ruɓewa ba, wurin da yake jiƙewa ya bushe ya sake jiƙewa ne, da wurin da ruwan sama yake kwanciya a ciki iska bata shiga. Wato daidai layin da ruwa yake tsayawa a jikin jirgi, ƙarƙashin benci, gindin haƙarƙari inda ya haɗu da allon ƙasa, cikin lungun goshi, da kusurwoyin allon baya. Nan zaka bi da sukundireba kana dannawa, ba soka zaka yi da ƙarfi ka ɓata wa mutum kaya ba, dannawa kawai. Lafiyayyen katako zai ƙi, sai dai ɗan tabo. Ruɓaɓɓe kuwa zaka ji tsinin ya shige ba tare da ka sa ƙarfi ba, wani lokaci har ruwa baƙi ya fito ko ya marmashe a hannunka. Duk inda ya shige ka zagaye da alli ka wuce, a ƙarshe ka ja baya ka kalli yawan da'irar da ka zana da kuma inda suke, domin inda suke yafi yawansu muhimmanci. Allo ɗaya ko biyu a gefe sama da layin ruwa ba komai bane, duk kafintan da ya san aikinsa zai cire ya sa wani. Amma in ƙashin bayan jirgin ne, wato doguwar gungumar da ta bi ƙasansa daga goshi zuwa baya, ko kuma haƙarƙari uku huɗu a jere sun yi laushi, wallahi ka haƙura, gyaransa ɗinkin sabon jirgi ne da tsohon katako.

Sai ƙusa. Mafi yawan kafintocinmu ƙusar gini ta baƙin ƙarfe suke bugawa saboda ita ce a kasuwa, ita kuma tana tsatsa a cikin katako tana sirancewa har ta katse alhali kanta yana nan a waje lafiya lau. Alamarta jan zane da yake gangarowa daga kan ƙusa, ko baƙin da'ira a kewayenta. Ka roƙi mai jirgi ya bari a zare ƙusa biyu ko uku daga ƙasan jirgi, kai zaka biya sababbi. In suka fito da kaurinsu madalla. In suka fito sun sirance a tsakiya ko suka karye a ciki toh sauran ɗaruruwan ma haka suke, kuma irin wannan jirgin ne yake tafiya lafiya har ranar da aka masa lodi igiyar ruwa ta buge shi allo ya ɓalle gaba ɗaya.

Yanzu ga wani abu da ya shafe mu 'yan Zariya musamman, hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskarmu bushewa take yi ƙarau, katako yana tsukewa, tsakanin allo da allo ya buɗe har ka hango haske ta ciki. Jirgin da aka ɗauko daga Lakwaja ko Yawuri aka ɗora a bayan mota ya sha rana da iska a hanya, ko wanda aka ja tudu tun bayan damina aka barshi, dole yayi yoyo ranar farko da aka sa shi a ruwa, kuma wannan ba lalle lahani bane. In aka barshi a ruwa kwana biyu uku katakon zai sha ruwa ya kumbura ya rufe da kansa. Don haka kada ka gudu daga jirgi mai kyau saboda yoyon ranar farko, kuma kada dillali ya ruɗe ka da cewa ai zai kumbura ka biya a take. Hanyar adalci itace ka bada ɗan kafin alƙalami a jiƙa shi, ka dawo bayan kwanakin a kwarfe ruwan tas a goge da tsumma, ka zauna kana kallo. Wanda ya ci gaba da tsattsafowa daga wuri ɗaya bayan ya jiƙu, wannan ciwo ne na gaske. Haka kuma ka bambance buɗewar tsakanin allo biyu da tsagewar allon kansa, ta farko auduga da kwalta ne maganinta, ta biyu sai an canza allo, musamman in tsagar ta gitta ƙwayar itacen maimakon ta bi tsawonsa, wannan alamar karo ne da dutse ko kututture.

Na sassaƙa shi kuma tsaga ɗaya yake yi ta bi tsawonsa daga goshi ko daga baya, sai kaga an liƙa masa gwangwani an jera ƙusoshi an zuba kwalta. Faci ƙarami sama da layin ruwa ana zama dashi shekaru. Doguwar tsaga a ƙasa kuwa ci gaba take yi duk hunturu, babu haƙarƙarin da zai riƙe ta. Kuma ko wane iri ne in ya daɗe a ƙasa a tudu ka duba gara, ka kwankwasa ka ga ko ƙasa-ƙasa na zubowa, gara tana cinye ciki ta bar maka fatar waje da fenti.

Kwalta mai kauri sabuwa ful a cikin jirgi ni bata burge ni, tsoro take bani. Ka sa wuƙa ka ɗaga kaɗan ka ga me ta rufe.

Toh kaga duk wannan dogon bayanin na ciwon katako, amma a ma'aunin da na kafa shi yafi kowa cin jarrabawa, saboda duk ciwonsa sukundireba tana gano shi kuma gyaransa katako ne da ƙusa da kwalta, duk akwai su a Sabon Gari, masuntan da suka daɗe a bakin Galma ma da yawansu sun iya toshe jirgi da kansu.

Sai na faiba, wanda matasa suka fi so yanzu saboda yana da kyan gani ba nauyi, yana gudu da ƙaramin inji, ba ruwansa da gara ba ruwansa da hunturu. Duk gaskiya ne. Yawancin na hannu daga kudu ake kawo su, Legas, Warri, Fatakwal, sun yi aikin fasinja a can sun sha dukan igiyar ruwa kafin su iso mu. Abin da nake so a gane shine jirgin faiba ba faiba zalla bane. Fatar waje ce zaren gilashi da aka jiƙa da rezin, wani irin gam mai ruwa-ruwa, ya daskare, a samanta akwai wani santsin shafi mai launi, amma allon baya inda ake rataya inji a mafi yawansu filawud ne aka lulluɓe da faiba, haka dogayen sandunan da suke ƙarfafa ƙasan jirgi, haka daɓen da ake takawa. Ruwa yana shiga ta ramin noti ko ta wata 'yar tsaga ya jiƙa filawud ɗin, shi kuma a rufe yake babu ta inda zai bushe, sai ya ruɓe a ciki waje yana ƙyalli. Wannan shine haɗarin faiba, ciwonsa a ɓoye yake.

Yadda zaka gano shi da kunne ne. Duk wanda ya taɓa raka mahaifiyarsa sayen tukunyar ƙasa a kasuwa ya ga yadda take ƙwanƙwasa ta da yatsa, mai lafiya tace ƙal, mai tsaga tace ɓus, toh haka zaka bi jikin jirgin da ƙotar sukundireba ko ƙaramar guduma, a hankali, taƙi bayan taƙi. Inda faiba ta kama jikinta ƙarar a tsaye take da kaifi, inda ta rabu gida biyu ko ruwa ya shiga sai ƙarar ta mutu. Ka fara daga saman gefe inda ka san lafiya ne don kunnenka ya saba, sannan ka gangara. Ka fi daɗewa a allon baya, ka bi shi kaf musamman kewayen notin inji da ƙasa wajen ramin zubar da ruwa. In akwai inji a rataye ka ɗaga ƙafarsa ka danna ta ƙasa da nauyinka kana kallon allon, bai kamata ya motsa ba ko kaɗan, in kaga yana lanƙwasa ko wata tsaga a kusurwa tana buɗewa tana rufewa toh an gama magana. Inji mai doki 40 nauyinsa ya kai wajen kilo 70, ga turin da yake yi in an taka wuta, duk a kan wannan allon. Ka kuma lura da washa, in ta nutse cikin allon alamar cikin yayi laushi ne, in aka kwance noti ɗaya ruwa mai launin shayi ya biyo baya shima haka. Wasu zaka ga sun ɗaura falan ƙarfe ko alminiyam a allon baya su ce maka ƙarin ƙarfi ne, sau da yawa rufin asiri ne.

Bayan nan ka shiga ciki ka taka ko'ina da diddige. Inda daɓe ya lotsa a ƙarƙashinka ya ruɓe, kuma in daɓe ya ruɓe da wuya sandunan da ke ƙasansa su tsira. Wasu jiragen ana cusa musu soso a ƙarƙashin daɓe don kada su nutse in sun kife, in ya tsufa yana shan ruwa ya riƙe, kuma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jarka huɗu masu lita 25 kilo 100 kenan kana ɗauke dasu kullum ba ka sani ba, mai yana ƙonewa a banza kuma jirgin ya zauna ƙasa fiye da yadda ya kamata. Ku ɗaga goshinsa ku ji ko nauyin ya dace da girmansa, ku buɗe ramin baya ku karkata shi ku ga me zai fito.

Tsagu a jikin faiba kuwa ba duka ne abin tsoro ba. Siraran nan da suke kan shafin waje waɗanda farce ba ya shiga, na tsufa ne da rana, kusan duk tsohon jirgi yana dasu. Waɗanda suka fito daga wuri ɗaya suka bazu ta ko'ina alamar an bugi wajen ne, sai ka leƙa ta ciki da tocila daidai wurin, in faibar tayi fari-fari ta ciki toh zaren ya karye. Waɗanda suka jeru suna bin tsawon jirgi a ƙasa sun fi duka muni, suna nuna sandar ciki ta saki ƙasan yana lanƙwasa duk lokacin da ruwa ya buge shi. Akwai kuma ƙuraje da suke fitowa a ƙasan jirgin da ya daɗe a ruwa, in ka fasa ɗaya wani ruwa mai tsami ke fita, ka kiyaye idonka dashi. 'Yan ƙanana jefi-jefi ana goge su a cike, in kuwa manya ne sun cika ƙasan toh ruwa ya riga ya shiga cikin faibar. Sai ka duba ƙashin baya da goshi inda ake jan jirgi a kan yashi da tsakuwa, in shafin ya cinye har zare ya fito fili yana shan ruwa ta nan. Tsohon faci kuma ta ciki ake gane shi ba ta waje ba, zaka ga wajen yafi kauri ko launi ya bambanta, faci mai kyau an faɗaɗa shi an jera zare hawa-hawa, na ha'inci kuwa filar mota ce irin ta fanel bita aka cusa aka goge aka fesa fenti, ita kuma bata jure zama a ruwa, wata rana faɗowa zata yi guda.

A nan ne tambaya ta biyu take kayar da faiba a wajenmu. Ƙaramin huji ko tsaga ana iya liƙewa in an samu rezin da zare, ba wani sihiri bane. Amma canza allon baya ko sandunan ƙasa sai an yanke jirgi an fasa daɓe an ƙwaƙule ruɓaɓɓen filawud an sake gini, aiki ne na wanda ya saba, kuma masu irin wannan aikin suna inda jiragen suke da yawa. Kada kuma wani mai liƙin roba da wuta yace zai maka, faiba bata narkewa ta haɗe irin bokiti ko tankin ruwa, ƙonewa take yi. Don haka hukuncina a kan faiba shine in allon baya da daɓe sun yi ƙal toh yafi na katako nesa ba kusa ba, ka saya ko da ya ɗan fi tsada, zaka huta da toshi duk shekara. In kuwa ɗaya daga cikinsu ya mutu kada araha ta ja ka.

Na baƙin ƙarfe ba zan daɗe a kansa ba. Masu yashi da masu ɗaukar kaya masu nauyi su yafi dacewa dasu, yana jure karo, kuma duk mai walda daga Kwangila har Tudun Wada zai iya yanka falan ƙarfe ya masa faci, a gyara babu wanda ya kaishi sauƙi a Zariya. Ciwonsa tsatsa, kuma daga ciki take cinsa inda ruwa da jiƙaƙƙen yashi suke kwana, ba daga waje ba. Ka kwashe duk abin da ke ciki ka bi lunguna da guduma, inda ƙarfe ya sirance zai lotsa ko ɓawon tsatsa ya tashi, in guduma ta huda shi gara ta huda yanzu. Mayen ƙarfen da nace ka tafi dashi a nan zai yi aiki, ka bi jikin dashi, inda ya ƙi kamawa sosai an cike da fila. Ka duba bakin walda ko akwai tsaga. Illarsa nauyi, yana son babban inji yana shan mai, in rani yayi ruwa ya ja baya ya kafe a yashi mutum biyu basa motsa shi, kuma in ya cika da ruwa ƙasa zai tafi kai tsaye in babu rufaffun akwatunan iska a jikinsa, ba irin na katako ba da sau tari yake tsayawa a saman ruwa ko ya kife mutane su samu abin kamawa.

Na alminiyam kaɗan ne a wajenmu, in ka ci karo dashi abu ne mai kyau, ba nauyi ba tsatsa. Mai ribiti ne, wato ƙananan ƙusoshin da ake daɓe kansu su riƙe falle da falle, ko mai walda, ka duba. Ribitin da ya saki zaka ga baƙin zobe a kewayensa. Farin gari-gari da ƙananan ramuka a jiki alamar ƙarfen yana cinyewa ne, yawanci inda aka ɗaura masa notin baƙin ƙarfe ko wayar tagulla ta kwana a jiƙe a cikinsa. Lotsawa kawai ba komai, tsaga a bakin walda ko a kusurwar allon baya ita ce matsala, domin waldar alminiyam sai mai na'urar gas ta musamman, mai waldar ƙofa da taga ba zai iya ba, ka nemo mai yi tukun kafin ka biya. Mayen ƙarfe ba ya kama alminiyam sam, kada ka ɗauka fila ce. Shi da na ƙarfe ana iya gwada yoyonsu a tudu, a ɗora su a kan tayoyi ko gungume a zuba ruwa a ciki a leƙa ƙasa a ga inda yake ɗiga, amma kada zurfin ruwan ya wuce taƙi ɗaya, durom guda kilo 200 ne kuma an gina jirgi ne ya tare ruwa daga waje ba daga ciki ba.

Igiyar da nace kuwa ga amfaninta, kuma ta shafi duka huɗun. Ka auna daga tsinin goshi zuwa kusurwar baya ta dama, ka sake aunawa zuwa ta hagu, ya kamata su zo daidai. In ɗaya tafi ɗaya da yawa jirgin ya murɗe, ko karo yayi ko an ajiye shi a karkace ya daɗe, zai riƙa ja gefe ɗaya kuma haɗe-haɗensa duk a takure suke. Sannan yana kife ka ja igiyar ta bi ƙashin baya ka ga ko tsakiya ya lotsa ciki. Murɗaɗɗen jirgi ba ya miƙewa ko wane iri ne.

Gwajin ƙarshe a ruwa, da lodi irin wanda zaka riƙa ɗauka, buhunan yashi sun fi a gwada da mutane, kusa da gaɓa, kuma kowa da rigar kariya. A goge ciki ya bushe, a barbaɗa toka ko hoda a bakin haɗe-haɗe, duk inda ruwa ya tsattsafo zai zana maka hanya har tushensa. A tada inji a juya dama a juya hagu, wani ya zauna baya yana kallon allon inji, domin akwai tsagar da bata buɗewa sai jirgi yana aiki. In kuma daga nesa zaka ɗauko shi, hanyar mota kanta tana fasa jirgi, a shimfiɗa masa tsofaffin tayoyi a ɗaure shi da kyau, a cire inji daga allon baya, kuma ku yi magana tun farko wa zai ɗauki asara in ya fashe a hanya.

In aka ce in zaɓa wa mutum, mai su shi kaɗai ko da yaronsa a dam, kuɗinsa kaɗan, na katakon maɗaci ko kawo mai lafiyayyen ƙashin baya ya ishe shi, ya ware kuɗin allo biyu da ƙusa da kwalta daga farashin. Mai yashi ya nemi na ƙarfe. Mai fito da zai ɗauki mata da yara da 'yan makaranta a watan Agusta lokacin da Galma ta cika tana gudu, shi ne bana so ya yi sassauci ko kaɗan, ko dai faiba da ta ci gwajin allon baya da daɓe, ko kuma ya ƙara haƙuri ya tara kuɗi a ɗinka masa sabon na katako a gabansa ya ga itacen ya ga ƙusar. Kuma ko wanne ne ka tafi da wani dattijon masunci ko tsohon mai fito ka biya shi ladan ganinsa, ba dillali ba, shi dillali la'adarsa tana kan a yi ciniki ne. Ka tambayi mai jirgi a gaban shaidu, Malam don Allah akwai wani aibi da ka sani wanda ban gani ba? A shari'a wajibi ne ya bayyana, kuma in daga baya tsohon aibin da aka ɓoye ya fito kana da haƙƙin mayarwa. A rubuta abin da ya faɗa a takardar ciniki tare da wuraren da ka zagaye da alli, ka ɗauki hotonsu a waya kafin a goge, kowa ya sa hannu.